Haƙorin Makkan Inna

Innarmu ba ta damu a kira ta Hajiya da baki ba, ta fi son mutum ya gani da idonsa. Haƙorin Makka ne a bakinta, na zinare, a sama ta gaba, irin kwanson nan da ake ɗora wa alhazai a kan haƙorinsu na ainihi kafin su dawo gida. Ko labari ba shi da ban dariya, Inna sai ta yi masa dariya, kuma duk unguwarmu a Bunguɗu an san dalili.

Lokacin ina koyarwa a Gusau, ina leƙa ta ƙarshen mako. A irin wannan zuwan na lura ta sake salon shan kunu. Sai ta ajiye shi ya huce har ya yi fata, ta karkata kai, ta zuba ta gefen baki. Ruwan randa kuwa in ya taɓa gaban bakin, sai ta runtse ido ta dafe leɓe, ta daɗe a haka bayan ruwan ya wuce. Goron da take gatsawa tun kafin a haife ni, yanzu a magogi take gurza shi, ita da ke yi wa tsofaffi masu magogi tsiya.

Na ce, “Inna, haƙorin nan ne ke ciwo?”

Ta ce, “Wane haure? Sanyi na kawai.”

Zafin raina a wurinta na gado shi, don haka ban yi wani kewaye-kewaye ba, na ce ta shirya mu tafi asibiti. Ta kalle ni sama da ƙasa.

“Su aikinsu ke nan, hidda haure. To wanga ba mai hidda min shi. Da shi za a rufe ni.”

Muka yi ta yi, na tafi ina fushi, ita ma tana fushi. Sai ga ƙanwarta ta iso daga Tsafe da ƙullin magani: kanumfari, tafarnuwa, da wani baƙin gari da ita kanta ba ta san sunan itacensa ba. Aka yi ta cusawa, ana kuskure baki da ruwan gishiri. Ciwon ya ƙaru har Inna ta daina kwanciya ta wannan gefen, tana jin haƙorin yana bugawa shi kaɗai ba tare da an taɓa shi ba.

Rannan kawai ciwo ya ɗauke ƙaf. Ta sha kunu da zafinsa, ba ta ji komai ba. Ta kwankwaɗi ruwan randa, shiru. Inna ta sa aka toya masa aka raba sadaka gida-gida. Ƙanwarta ta koma Tsafe tana baza labari, har mata suka fara sallama a ƙofarta suna neman baƙin gari. Ni ma na ci masar, har da ƙari, duk da haushin an yi nasara ba da shawarata ba.

Ba a jima ba wani ɗan ƙurji ya fito a dasashi, daidai saman zinaren. Ya fashe, ya bar mata ɗanɗano marar daɗi a baki, ya bushe, ya sake fitowa. Inna ta ce zafin ciki ne. Daga nan leɓenta na sama ya kumbura, ya sauko ya rufe haƙorin ruf. Aka yi suna a maƙwabta, ta yi dariya iya ƙarfinta, ba wanda ya ga zinare. Abin da ciwo ya kasa, wannan ya yi. Da kanta ta kira ni a waya ta ce in zo in kai ta, amma in ja wa likita kunne tun daga ƙofa.

Likitar haƙorin mace ce, yarinya ƙarama a idon Inna. Ta ɗauki hoton haƙorin, ta ƙwanƙwasa shi da ɗan ƙarfe, Inna ta zabura. Ta ɗora auduga mai sanyi ƙarara a kan na kusa da shi, Inna ta ja iska. Ta ɗora a kan na zinaren, shiru.

Inna ta ce, “Kin gani ko? Ya warke.”

Likita ta ce, “Hajiya, ba warkewa ya yi ba. Ruɓa ce ta shiga ta ƙarƙashin kwanson har ta kai ga jijiyar da ke cikin haƙorin. Ranar da ciwo ya ɗauke, ranar jijiyar ta mutu. Yanzu mugunya ce ta taru a saiwarsa, wannan ƙurjin hanyar fitarta ce.”

Na buɗe baki zan tambayi Inna ladan masar wa za a ba, sai na dube ta, na fasa. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarta ba sai ranar, kuma tausayinta ya kama ni.

Ta dubi likita ta ce, “Ɗiyata, ki ji. Tare munka tahi da babansu, shi yak kai ni anka sa min shi. Dabinon da munka zo da shi an canye, zamzam an shanye, shi kuma Allah ya amshi abinai. Wanga kaɗai yar rage.”

Likita ta ce ba cirewa za ta yi ba. Za ta yi allurar kashe zafi, ta huda ƙaramin rami ta bayan haƙorin, ta kwashe mataccen abin da ke ciki, ta wanke har saiwa ta sa magani, in mun dawo ta cike. Inna ta sa ta maimaita “ta baya” har ta gamsu, sannan ta buɗe baki. Duk da haka hannunta na riƙe da gefen rigar likitar har aka gama.

Ranar da aka cike ramin, kumburi ya riga ya saɓe. A motar Bunguɗu Inna ta karɓi wayata, ta juya kyamarar ta kalli kanta. Ta daɗe tana kallo, tana shafa bayan haƙorin da harshe. Ba ta yi dariya ba. Ta miƙo min wayar, ta ce a hankali, “Ba ta taɓa gaban ba. Yadda babanku yab bar shi, haka nan yake.”