Hannun hagu ba kuloci ba ne

Ina kwance rigingine a gefen gonar doya, kekena na can gaba tayarsa na ta juyawa, sai na ji murya a kaina: "Sannu Malam. Kai mai mashin ne ko?"

Wani dattijo ne manomi, da fartanya a kafaɗa.

Kwana uku ke nan da na sayi keken hawan dutse a gwanjo, don likita ya ce in ban riƙa motsa jiki ba, ciwon sugan nan zai kwantar da ni. Da safe na baro Yelwa na nufi duwatsu, gangarar farko ta kayar da ni.

Na ce, "Baba, ya aka yi ka sani?"

Ya ce, "Hannunka na gani. Ka damƙe na hagu gaba ɗaya kamar kulocin mashin, alhali a keken nan birkin gaba ne. Yatsa ɗaya ya isa. Taɓa birki biyun a hankali, ka ja jikinka bayan sirdi. Inda ka ji tsoro, sauka ka tura. Shekara talatin ina sauko da doya a keke ta nan, har gobe in na zo wannan gangarar sauka nake."

A kwancen nan har na yanke shawarar sayar da keken. Amma da na ji maganarsa, sai na tashi na kakkaɓe wandona, na tura abina har ƙasa ba kunya. Jibi zan koma.

Ashe abin da hannu ya saba da shi ne ya kayar da ni, ba dutsen ba. Ku me ya fara kayar da ku?