Manyan Baƙaƙe a Takardar Siminti

Da hutun bana ɗana ya saka min manhajar laburare a waya, wai ya gaji da jin ƙorafina kan littattafan zamani da rubutunsu kamar ƙafar kiyashi. Ya nuna min yadda ake yi. In na sa yatsa biyu na buɗa, baƙaƙen su kumbura har kalma huɗu ta cika fuskar wayar. In farin shafin ya dame ni, in mayar da shi ruwan ƙasa. In idon ya gaji gaba ɗaya, akwai wata murya da za ta ɗauki karatun, in na ce ta rage sauri ta rage. Yana ta jira in yi mamaki, ni kuwa na ce masa ai kakansa ya riga masu manhajar, duk ukun nan na gan su a zauren gidanmu a Ƙofar Jatau tun shekarun tamanin. Abin da ban faɗa masa ba shi ne ba don ni aka yi su ba, kuma na daɗe abin yana cina.

Mu biyu ne a ɗakin Inna, ni 'yar fari, sai ƙanwata da kowa ke kira Auta. Shekara uku ce tsakaninmu. Auta zabiya ce, kuma kamar yawancinsu ba ta gani sosai. Idonta rawa yake yi, rana kuma abokiyar gabarta ce. An yanka mata gilashi a asibiti, ya ɗan taimaka mata wajen tafiya, amma littafin makaranta ko ta manna shi a hanci sai ta ce baƙaƙen gudu suke yi.

Baba tsohon akawun En'e ne, ya yi ritaya. Allah ya ba shi hannu, boko da ajami, har daga unguwar Kusfa ake zuwa ya rubuta wa mutane wasiƙa. Da ya ga Auta za ta zauna a baya a aji, sai ya ɗauki abin a wuyansa, ya ce in littafi ya ƙi zuwa wurinta, shi zai kawo mata shi. Ya fara gwada farar takarda, ta ce haskenta na sukar mata ido. Daga nan ya koma roƙon magina takardar buhun siminti. Ana ɓare ta, a ɗauki ta tsakiya wadda ba ta taɓa ƙura ba, Inna ta goge ta da dutsen guga na gawayi, shi kuma ya yanka daidai da daidai da askarsa. Biro ya yi masa siriri, sai ya fiƙe alƙalamin kara mai faɗin baki, ya dama tawada da ƙaro ta yi baƙi wuluk. Kalma huɗu ko biyar ke cika layi. Littafin da bai kai kaurin yatsa ba, in Baba ya gama da shi ya ɗinke da basilla, sai ya zama abin ɗauka da hannu biyu.

Kullum bayan La'asar yake zama. Ya shimfiɗa buzu a zaure, ya ajiye kurtun tawada a dama, Auta ta zauna a hagu ta ba wa ƙofa baya saboda haske. Yana rubutawa yana karantawa a fili, a hankali, kalma bayan kalma. In ta ce, “Baba, koma baya,” ya koma. In ta ce ya yi sauri, ya rage. Mutumin da manyan unguwa ke rusuna wa, ga 'yar shekara tara tana juya shi yadda take so.

Ni fa? Ni ce jakar gidan. Ni ake aika laburare bayan gari in aro littafin, in dawo da ƙafa cikin rana. Katinmu ɗaya ne, littafi ɗaya ake ba mu, sati biyu. Mai ba da aron wata Malama ce 'yar Wusasa, mai kirki, ta san labarin Auta, takan buga mana hatimi karo na biyu ta ƙara mana sati biyu. Bayan wannan ba ƙari, ko ka yi kuka. In na kawo littafin na miƙa, aikina ya ƙare, sai in koma cikin gida in kama tsintar shinkafa, tunda an ce ni ce mai ido.

A gidajen cikin birni irin namu ba a sakewa da ɗan fari. Baba bai taɓa kiran sunana ba, “ke” ce, ko “yarinyar nan”. Ba ya zaunar da ni kusa da shi, ba ya yabona a gaban mutane, ko na zo ta ɗaya a aji sai dai ya duba katin sakamakon ya ce “to”. An ce kunya ce, an ce kara ce, kuma yanzu na san haka ne. Amma je ka faɗa wa 'yar shekara goma sha biyu. Abin da na gani kawai shi ne Auta tana jingine da gwiwarsa, hannunsa mai tawada yana gyara mata ɗankwali. Kishi nake yi da ita, kishi mai zafi, har da fatar tata da ke jawo mata tsokanar yara a lungu. Da an ce in ba da idona in karɓi wurin zamanta a zaure, a lokacin da na bayar.

To, ba wanda ya ce in bayar, sai na ƙirƙira. Wata biyu kafin azumi na fara mutsuttsuke ido. Na bar tsakuwa a shinkafa da gangan har Inna ta kusa karya haƙori. Na miƙa mata allura na ce na kasa zura zare. Ranar da na ga abin ya nuna, na tsaya a bakin zaure da littafina na tarihi, na ce, “Baba, ni ma dishi-dishi nake gani.”

Ya ɗago ya dube ni. Rabon da ya dube ni haka kai tsaye har na manta. Ya ɗaga yatsu uku daga inda yake ya ce nawa ne, na ce biyu. Sai na ga fuskarsa ta faɗi. Ya ce, “Innalillahi. Shigo ki zauna.”

Na shiga na zauna a kan buzun nan, a dama, kusa da kurtu. Ya ce bayan Sallah zai kai ni asibitin ido, kafin nan kada karatuna ya tsaya. Ya raba kwanakin, yau Auta, gobe ni. Ya fiƙe sabon alƙalami. Ba zan yi ƙarya ba, daɗin da na ji ranar ban sake jin irinsa ba sai ranar da na haifi ɗana. Ina kallon hannunsa yana zana min baƙaƙe manya-manya da nake iya karantawa daga ƙofar gida, ni kuwa ina kai takardar hanci ina kwaikwayon Auta. Har “Baba, koma baya” na ce, don in ji ko zai koma. Ya koma.

Na ɗauka Auta za ta ji haushi, kuma haushin nata na cikin abin da nake jira. Ina. Yarinyar nan sai ta mayar da ni ɗalibarta. Ta ce, “Yaya, kada ki fuskanci ƙofa, ba ta baya.” Ta koya min yadda ake yin rumfa da tafin hannu a goshi. Ta ce daga zaurenmu zuwa kwatar ruwan da ke tsakiyar lungu taku goma sha ɗaya ne, in riƙa ƙirgawa. In za mu makarantar allo sai ta kama hannuna, wai ita ta saba da hanyar. Wata rana ma na ji ta tana ce wa Baba ya ba ni kwananta, tunda ni sabon shiga ce, abin ya fi min wuya. Maimakon kunya ta kama ni, sai wani sabon haushin ya taso, don Baba ya shafa kanta ya ce Allah ya yi mata albarka. Ko a cutar ma ta fi ni iyawa.

A lokacin littafin labarai ne Baba ke juya mata, na aro daga laburare. Da kwanaki suka rabu biyu, sati huɗun suka ƙare da saura babi uku. Ni na mayar da shi da hannuna. Malama ta ce in dawo bayan sati ɗaya in sake ɗauka, da na koma ta ce wani ya are shi, kuma har muka daina tambaya bai dawo ba. Na karanta babi ukun nan a hanya, a tsaye a inuwar ganuwa, na san yadda labarin ya ƙare. Amma ba halin in faɗa wa Auta, don mai dishi-dishi ba ta karanta ƙananan baƙaƙe. Nata na takardar siminti ya tsaya a tsakiyar magana, takan kai ƙarshen shafin ta juya bayansa ta shafa.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Nawa ya ƙure ran ashirin da tara ga Sha'aban. Gidanmu na kusa da ganuwa, daga ƙofarmu ana ganin yamma fayau, don haka in an idar da Magariba maƙwabta kan taru a nan duban wata. Tun ina ƙarama nake riga kowa ganinsa, kuma ina ji da wannan. Ranar muna tsaye a bakin zaure, Baba ya dawo daga masallaci yana riƙe da hannun Auta. Dattawa na ta nuna sama, wannan ya ce ga shi, wancan ya ce gajimare ne. Ni ban yi niyyar dubawa ba, idon ne ya tafi da kansa. Sai ga shi can saman wata giginya, siriri kamar yankan farce.

“Ga shi can!” na ce. “Saman giginya, ɗan hagu kaɗan.”

Aka bi yatsana. Ɗaya bayan ɗaya suka gan shi, aka yi kabbara, aka fara yi wa juna barka. Wani tsoho ya ce wa Baba, “Malam, wannan 'yar taka idon shaho gare ta, Allah ya kiyaye mata shi.” Baba ya ce amin. Bai dube ni ba. Ya koma yadda yake da, kamar ba mu taɓa zama a buzu ɗaya ba, kuma da ya zare bel ya dake ni da ya fi min sauƙi.

Auta ce ta saki hannunsa ta lalubo nawa. Murna take yi har tana tsalle. Ta ce, “Yaya, idonki ya warke ke nan? Baba, idon Yaya ya warke.” Sai ta matso ta rage murya. “Wane magani kika sa?”

Na dubi Baba ko zai fitar da ni. Ya ce, “Ke ake tambaya.” Ya cire takalmi ya shige zaure.

A nan ya kamata in faɗi gaskiya. Kalma biyu ce, ƙarya nake. Amma maƙwabta na tsaye, kuma na san in na faɗa, ita ce za ta zama wadda aka zalunta, a ƙara lallashinta, ni kuma in ƙara nisa. Sai na ce, “Kwallin Inna ne. Na cikin jan tandu.”

Daga washegari zaure ya koma na Auta ita kaɗai. Littafina na tarihi, shafi goma sha bakwai da hannun Baba, na same shi a ɗinke a kan tabarmata. Ba a sake maganar asibiti ba. Na koma tsintar shinkafa, ina jiyo muryarsa ta zaure tana tafiya a hankali, kishin kuma yana nan bai ragu ba, sai dai yanzu ya haɗu da wani abu mai ɗaci da ban san sunansa ba.

Auta kuwa ta kama jan tandu. Kowace safiya ta azumin nan sai ta rangaɗa kwalli, ya yi baƙi ƙirin a farar fuskarta, yaran lungu suka sami sabon abin dariya. Yana sa ta hawaye, Inna ta hana ta, ta riƙa sawa a ɓoye. Takan tambaye ni kwana nawa na yi kafin ya fara aiki, in ce ban ƙirga ba. Kullum ina cewa gobe zan faɗa mata, goben ta zo in ga ta jingina da gwiwar Baba, in fasa.

Ran ashirin da tara ga azumi, ana shan ruwa ta ajiye kokon kununta ta ja ni waje. Ta sa kwalli sabo. Mutane sun taru kamar wancan karon, aka ga watan Sallah ba wuya, har yara ƙanana suna nunawa. Ta ce in juya ta ta fuskanci wurin, na kama kafaɗunta na juya ta. Ta cire gilashi ta duba, ta mayar ta duba, ta yi rumfa da hannu ko da yake ba rana. Ta daɗe a haka har mutane suka fara watsewa.

“Kin gan shi?” na ce.

Ta ce, “A'a. Wataƙila ban sa da yawa ba.” Ta goge ido da bakin mayafi, kwallin ya ɓata mata kumatu. “Yaya, gobe ke za ki sa min da hannunki, yadda kika sa naki.”