Takardar Malamar Jikana Da Na Yi Wa Maguɗi

Edita, lokacin da abin nan ya faru ni tsohon mai gadi ne da ya ajiye aiki a wani sito na Ilupeju, na koma kasa goro a ƙofar gidanmu a Agege. Bokona aji biyu ne, shi ma ta taga na fice. Babban aikina kai jikana makaranta da ɗauko shi. Sunana aka sa masa, shi ya sa uwarsa, wato 'yata, ba ta kiransa sai da Baba Ƙarami. Shekararsa takwas, ba ya zama wuri guda, fensir ba ya kwana biyu a hannunsa, har makaranta ta ce in bai natsu ba kafin ƙarshen shekara a nema masa wani wuri.

Uwar ta kai shi asibiti. Likita ta ba da takarda biyu masu tambayoyi, ɗaya ta gida, ɗaya ta malamar ajinsu, a nuna ko yaro ba ya yin abu, ko yakan yi, ko kullum ne. Ni aka ba ta malama in kai. A hanya na tsaya wajen abokina mai buga takardu a bakin layin dogo ya fassara mini. Raina ya ɓaci. Na ce wato so ake a rubuta cewa takwarana yana da taɓin hankali, takarda ta bi shi har ranar neman aure. Na sa abokin nan ya cike “ba ya yi” daga sama har ƙasa, ya zuba sa hannu mai lanƙwasa, na ba shi farin goro. Na koma gida ina jin kaina wani oga.

Likita ta ga a gida yaro guguwa ne, a aji kuma waliyyi, sai ta ce tunda a makaranta lafiya lau yake, a duba zaman gida, a dawo bayan wata uku. Ubansa ya ɗauko bulala. Wata rana muna dawowa, yaron ya gaya mini cikin Hausarsa mai haɗe da Yarabanci cewa wallahi yana son ya zauna, ƙafarsa ce take ƙi, ƙila dai shi daƙiƙi ne. Na saya masa fanke, na kasa faɗin gaskiya. Wannan shirun ne har yau yake cina.

Asirina ya tonu ranar da 'yata ta je yi wa malama godiyar kyakkyawar shaida, malama ta tambaye ta wace takarda. Malamar 'yar kudancin Kaduna ce, mai haƙuri. Ta kira ni, ta zaunar da ni a bencin yara, ta ce ba kunya take son ba ni ba, in dai saurari tambayoyin. Ko yana katse mutum kafin ya gama magana? Na katse ta na ce sharri ne. Ko yana kaɗa ƙafa in ya zauna? Ta dubi ƙafata, benci sai rawa yake. Ta ce da a ce ni ake cike wa takardar, “kullum” za ta cike ba tare da ta ɗaga biro ba. Na yi dariya har hawaye, daga baya hawayen suka zama na gaske, don na tuna tagar nan da na fita, ba wanda ya tambayi dalili.

Ta cike sabuwa da gaskiya. Likita ta haɗa da ta gida, ta sake duba yaron da kanta, ta ce ba hauka ba ne, wahalar tattara hankali ce, kuma akwai taimako. Yanzu a gaba yake zama, ana yanka masa aiki kaɗan-kaɗan, shi ke raba littattafai don ƙafar ta samu abin yi. Ba a kore shi ba.

'Yan uwana tsofaffi, malamar da ke wuni da yaro tana ganin abin da so ya rufe mana. In an ba ku takarda, ku kai ta inda aka ce. Ni ƙaunata ta jawo wa takwarana bulalar wata uku. Na roƙe shi gafara, ya ce ya yafe, amma kafin in gama bayani har ya kai bakin ƙofa.