Mai Buhu a Bayana

Shekarar da ruwa ya ƙi sauka, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, sai labari ya iso Kurawa cewa masu ɗaukar soja za su zo Sabon Birni. Mutum ɗaya za a ɗauka daga mazaɓarmu, kuma da gudu za a tantance. Rumbunmu ya kusa ƙasa, ni ne babba a ɗakin Inna, ga ƙanne. Na ce za ni.

Kawuna tsohon soja ne, ƙafarshi ɗaya ba ta lanƙwasawa, amma bakinshi lafiya lau. Shi ya ɗauki nauyin horar da ni daga bisa tabarma. Ya ce in fita da sassafe kafin rana ta yi zafi, in ja numfashi ta hanci, in riƙa ƙara nisa kaɗan-kaɗan. Ya ce in shafa man shanu a gwiwa. Man shanu! A shekarar da shanun kansu ke faɗuwa a bakin rijiya. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce, "Babbar doka, ɗana, kada ka waiwaya, kada ka tsaya. Ko wa ya kira ka."

Wurin Inna kuwa, sai na ga tuwona ya ƙaru, nata ya ragu. Wannan ya dame ni ƙwarai, har yau yana damuna.

Abin da Kawu ya manta shi ne, a garinmu baligi ba ya gudu haka kawai. Ko gobara, ko ɓarawo, ko mahaukacin bijimi. A shekarar nan kuwa dalili ɗaya ya rage: motar tsabar agaji ta iso wani wuri. Ranar farko ina wuce masallaci na ji ƙafafu a bayana. Ban waiwaya ba, doka ce. Na ji ana kiran, "Ina anka sauke ta? Kai, ina anka sauke ta?" Na ƙara wuta. Su ma sunka ƙara.

Da na kai kukar da Kawu ya ce in juyo a gindinta, sai na yi arba da rabin gari. Maza da buhuna, mata da ƙore, wani tsoho bisa jaki yana dukanshi da takalmi, har da ladan. Na ratsa tsakiyarsu na kama hanyar gida, sunka juyo sunka biyo ni. Wallahi har ƙofar gidanmu. Kawu ya fito yana jan ƙafa ya yi musu bayani cewa motsa jiki nake. Wata tsohuwa tana haki ta ce, "Motsa jiki? A wagga shekara? Jikin mi ya yi maka?"

Na sha zagi ranar nan, kuma ban ga laifinsu ba. Na ƙone musu kunun safe a banza.

Kashegari kowa ya zauna gida, sai mutum ɗaya. Wani makiyayi ne da ke zaune a gefen gari da uwarshi, dogo, siriri kamar sandarshi, shanunshi sun ƙare ƙaf. Shi bai yarda da bayanin Kawu ba. A lissafinshi babu mai hankalin da zai ɓarnatar da abincin cikinshi a hanya in ba ya san wani abu ba. Kullum na fito, yana nan a bayana da buhu naɗe a hammata. Na rantse mishi, na sake rantsewa. Ya ce, "Na yarda, ɗan'uwa. Mu je dai."

Na kai ƙara wurin Kawu. Ya ce ai alheri ne, mai gudu yana son mai matsa mishi. To, ya matsa mini kam. In na ƙara nisa ya ƙara, in na bi ta yashin gulbi ya bi. Ni ina da tuwon Inna da dokokin Kawu, shi ba ya da komai sai zargi. Har ya koyi jan numfashi ta hanci, don ya ɗauka wata alama ce da masu rabo ke dubawa.

Ranar tantancewa na sa riga mai kyau na kama hanyar Sabon Birni. Da ya ga rigar, sai ya tabbata yau ce ranar. Munka iso fili, ya ga layi, ya ga mutane masu kaki, ya shiga layin yana murmushi. Anka busa usur. Na yi gudu irin wanda ban taɓa yi ba, ban waiwaya ba, kuma babu bukata, don tun kafin rabin hanya ya wuce ni, buhu a hammata, yana sauri kada tsaba ta ƙare. Shi ya zo na ɗaya. Sai da anka yi ta fama kafin ya gane abin da ya ci, ya ce in dai ana ba da abinci a can, ya amince.

Na dawo gida a ƙafa, a hankali. Kawu ya ce laifin man shanu ne da ba mu samu ba.

Da la'asar uwar makiyayin ta yi sallama. Ta durƙusa gaban Inna, ta ajiye ƙwaryar dusa, ta ce godiya ce ta horon da ɗanta ya samu a gidan nan. Ni na so a mayar mata, raina ya ɓaci, na buɗe baki. Inna ta dube ni, ta dubi ƙannena da sunka zuba wa ƙwaryar ido, ta sa hannu biyu ta karɓa. Ta ce, "Mun gode, Allah ya tsare shi." Sannan ta tashi ta hura wuta.