Safar Hannun Mukhtaru Guda Ɗaya

Shekara ashirin da shida muna maƙwabtaka da Mukhtaru a Misfala, bango ɗaya ya raba mu. A nan Makka aka haife shi, kakansa ne ya zo daga Gusau a ƙasa. Ya rasu bayan azumi, kuma har yau ban gane sana'ar da ya yi da ƙuruciyarsa ba.

Wai wasa ya yi can wajen Dammam tare da Amurkawa, sunansa besbol. A jefo maka ƙwallo, ka make ta da sanda, ka zuba da gudu, ka zagayo inda ka taso. Na ce, "Mukhtaru, tun da nan za ka dawo, me ya tashe ka?" Ya ce, "Yalwa, ke dai bari." Kuma wai har albashi ake ba shi.

Da gwiwa ta ƙi, ya dawo gida ya yi aure, ya shiga aikin baladiyya, wato hukumar gari. Wannan kam na gane, don shi ya yi ta zirga-zirga har aka sa mana fitila a layi.

Bayan zaman makoki, matarsa Mairama ta fito da kayansa za a yi sadaka. A ƙasan akwati ta tarar da safar hannu ta fata, ƙatuwa kamar faifai, ta hagu kaɗai. Ta zazzage gidan kaf, babu ta dama. Ni kuwa ni ce mai faɗa musu ɗaki ba sallama. Ba ta ce na ɗauka ba, ta dai koma amsa gaisuwata da ka.

Na ce, "Hajja Mairama, me zan yi da ita? Kaina ma zai shige ciki."

Ta ce, "Ban kira sunan kowa ba. Amma wa ke sayen safa ɗaya?"

Tambayar ta kama ni. Har ƙarƙashin gadona na leƙa, ko da mantuwa.

Ran Juma'a ɗansu Hatim ya zo daga Jidda, aka kira ni. Ya buɗo tsohon hoton ubansa da abokan wasansa na besbol a waya, su tara a jere. Da Hausarsa mai rabin Larabci ya ce, "Shufi, ya ummi, duba, kowa ɗaya yake sawa."

Mairama ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Duk ƙartin nan da albashinsu, ba mai iya cika biyu?" Sai ta gusa a kan tabarma. "Yalwa, matso ki duba, ko ke kin gane."

Na matsa na zauna kusa da ita. Ban gane ba.