Mai Fenti da Dodon Tafki

Mai Fenti ya yi shekaru yana zana kaji a allon masu sayar da ƙwai, da kawunan samari a ƙofar masu aski. Shagonsa ɗan tsukuku ne tsakanin mai faci da mai gyaran rediyo, gwangwanayen fenti har bakin ƙofa. Babban aikin da ya taɓa samu shi ne rubuta "An Hana Fitsari A Nan" a katangar kasuwa, kuma har yau a gindin rubutun ake yi.

Garinsu yana da tafki, tafkin kuma, in ji kakanni, yana da dodo. Da aka kafa kwamitin jawo baƙi, sai shugaban kwamitin ya kira Mai Fenti ofis, ya ce ana son tambarin gari mai hoton dodon nan, a buga a riguna da jikin motoci.

"Ranka ya daɗe, yaya kamanninsa?"

"Kai ne mai zane. Je ka tambaya."

Ya kuwa tambaya. Wani tsohon masunci ya ce dogon wuya gare shi kamar raƙumin dawa. Mai wanki a bakin ruwa ta ce ƙarya ne, gajere ne mai ƙaho biyu. Surukar Mai Fenti ta rantse dodon ya taɓa haɗiye tunkiyar mahaifinta, sai dai ba ta ga fuskarsa ba, domin a guje take. Don kada ran kowa ya ɓaci, ya haɗa duka: wuya, ƙaho da haƙora zaƙo-zaƙo.

Kwamiti ya zauna a kan zanen. Mai otal ya ce haƙoran za su kori baƙi, aka cire. Sakatare ya ce ramammen dodo zai sa a ɗauka yunwa ake yi a garin, aka ƙara masa tumbi. Shugaba ya ce ƙaho ƙauyanci ne. A gajarta wuyan, a sa gashin baki, a ɗora ɗan tabarau don a san garin masu ilimi ne.

Da Mai Fenti ya gama gyaran a gida, matarsa ta ajiye tsintsiya ta leƙo.

"Maigida, wannan ai shugaba ne ya shiga wanka."

Ya sake dubawa, ya ga gaskiyarta. Ga shi ba damar sake wani, da safe za a miƙa. Ya kai zanen, ya tsaya daf da ƙofa saboda tsaro. Shugaba ya daɗe yana kallo, 'yan kwamiti kowa ya tsura wa takalminsa ido.

"Yanzu na ga dodo," in ji shugaba. "Ku dubi kwarjini. Wannan fuskar ba ta cin amana."

Aka tafa.

Baƙi dai ba su zo ba, amma 'yan gari suka wawashe rigunan, musamman waɗanda ba sa ga maciji da shugaba. Ba a jima ba tsohon masuncin ya fara cewa da idonsa ya ga dodon yana goge tabarau a bakin ruwa.

Da shekara ta zagayo aka sauke shugaban. Wanda ya gaje shi, wani dogo siriri mai sanƙo, ya aika a kira Mai Fenti.

"Bincike ya nuna an yi wa dodon nan ƙazafi," in ji shi. "Ba shi da tumbi, ba shi da gashin baki. A gyara."

Mai Fenti ya zaro fensir daga bayan kunne, ya ja kujera.

"To, ranka ya daɗe. Ɗan juyo wajen haske."