Minti Ɗaya da Rabi na Baba Agogo

Kowace Laraba, da an tashi daga darasin ƙarshe, Baba Agogo yakan hura wa gilashin agogonsa iska, ya goge da gefen riga, ya kara shi a kunne. Sannan ya jera kujeru talatin a ɗakin taro, ya ɗora wa kowane tebur kwali mai ɗauke da sunan wata ƙasa. Bai taɓa taka ko ɗaya daga cikin ƙasashen ba, amma ya san wadda kwalinta ya lanƙwashe a gefe, da wadda sai an tokare ta da dutse take tsayuwa.

Masinja ne a makarantar, shekara ashirin da shida ke nan. Da in'ina ya tashi, irin wadda harafi ke maƙale wa mutum a wuya kamar ƙayar kifi. Shi ya sa ya riƙe aikin da takarda ke magana a madadinsa. Matarsa takan ce da gyaɗa kai ya nemi aurenta, sauran zancen ita ta ƙarasa musu, kuma har yau ba ta gama ba.

Da Malamar Tarihi ta kafa ƙungiyar muhawara, inda ɗalibai ke kwaikwayon taron ƙasashen duniya, kowa yana wakiltar ƙasa guda, sai ta danƙa masa tsaron lokaci. Minti ɗaya da rabi ga kowane wakili, in ya cika ya buga 'yar ƙararrawa. Abin da bai taɓa gaya wa kowa ba shi ne, ba ya danna agogon sai kalmar farko ta fito. Yaro ya tashi, magana ta ƙi fitowa, Baba yana nan da ɗan yatsa a sama, yana jira.

A wannan Larabar ake zaɓen mutum shida da za su je babban taron makarantu. Cikin masu nema akwai wata 'yar ajin ƙarshe da aka ba wa wata ƙaramar ƙasa a tsakiyar teku, har sunan ya bi ta, ana ce mata 'Yar Tsibiri. A rubutu babu mai kamo ƙafarta. Amma sau biyu tana tashi a gaban jama'a, sau biyu tana komawa kujera ba ta ce uffan ba.

"'Yata, takarda ba ta zuwa taro ita kaɗai," in ji Malama kafin a fara. "In yau ma ba ki yi magana ba, ba zan iya sa sunanki ba."

Babu baɗi a gare ta, kowa ya sani.

Da aka zo kanta ta miƙe. Ta kafa wa takardar hannunta ido, kalmar farko ta ƙi fitowa. Ɗakin ya yi tsit, har ana jin fanka tana kukan tsufa. Can sai wani kwali ya tashi sama. Na Lauya ne, yaron da ke wakiltar babbar ƙasa, wanda bakinsa ya fi ƙafarsa sauri.

"Shugaba, ina da ƙorafi. Na duba nawa agogon. Tun ɗazu ya kamata lokacinta ya fara, Baba ko dannawa bai yi ba. Ni kuwa da na yi atishawa sai da aka ƙirga min ita."

Aka yi dariya. Malama ita ce shugabar zaman, kuma ƙa'idar taron ita ta koya musu: wanda aka yi ƙorafi a kansa yana da damar amsawa. Ta juya, ta sassauta murya.

"Baba, in kana so."

Da ya girgiza kai, da an wuce wurin. Sai ya dafa tebur ya tashi.

"Lo… lo…"

Harafin ya tsaya cak. Jijiyar wuyansa ta miƙe. Ya rufe ido, ya sake ɗaukowa daga tushe, kamar mai jawo guga daga rijiya mai zurfi.

"Lo-lokacin magana aka ce in auna. Ba a ba ni na shi-shiru ba." Ya nuna Lauya da haɓa. "Kai ma, ɗana, ranar fa-farko, sai da na jira ka."

"Ashe Lauya ma an taɓa jiran sa," in ji wata daga baya.

Lauya ya sauke kwalinsa yana sosa ƙeya. "Na janye, shugaba. Amma Baba, ai wannan sirri ne tsakaninmu."

Waɗannan 'yan kalmomi sun ci wa Baba fiye da minti biyu, kuma duk a kan idon 'Yar Tsibiri. Ta ga yadda aka jira shi, ta ga rufin ɗakin bai faɗo ba. Baba bai gama zama ba sai ga muryarta, siririya.

"Teku yana cinye mana gonaki."

Baba ya danna agogo.

Ta yi maganar gishirin da ya shiga rijiyoyi, da gidajen da ruwa ke kwana a ƙofarsu. Sau ɗaya ta ɓata layi, ta sake samo shi. Tana tsakiyar jimla lokaci ya cika, ya buga ƙararrawa ba ragi ko na daƙiƙa ɗaya. Rangwamen Baba a farkon magana yake, babu shi a ƙarshe.

Malama ta duƙa kan takardarta, ta rubuta sunan yarinyar a na biyar.

Gumi ya jiƙa bayan rigar Baba sharkaf. Ya tura wa Malama agogon da ƙararrawar, ya nuna mata da hannu cewa yanzu zai dawo, ya ratsa tsakanin ƙasashe biyu ya fita.